Ko Kun Sani? Tafin 'yan kallo ba ya ba da gurbi a NBA

A Amurka, wasan ƙwallon kwando na jami'o'i kan cika filaye maƙil, amma ƙungiyoyi 30 na gasar NBA 'yan wasa kusan 60 kacal suke zaɓa kowace shekara, har da 'yan ƙasashen waje. Ke nan galibin taurarin makaranta ba sa samun shiga. Dubi Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson. Ya buga wa wata kwaleji a jihar Dakota ta Arewa, ya yi shekaru yana wasa a Turai, amma bai taɓa buga wasan NBA ba. Wani zai ce ai ga Hakeem Olajuwon, wanda aka fara zaɓa a 1984 daga jami'ar Houston. Gaskiya ne, sai dai irinsa ba su da yawa. Shi kuwa Ujiri ya koma zaƙulo haziƙan 'yan wasa, da fari ko albashi babu, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA na 2019. Saboda haka matashin Kebbe ko Tambuwal mai son wasan ya haɗa da karatu da sanin harkar ciki da waje.