Kaifin Wuƙa Daga Dutse Yake

Duk wanda ya san mayankar Kano da ke Fagge ya san cewa mahauci ba ya taɓa nama sai ya wasa wuƙarsa. Haka mai tsire da mai kilishi, haka matan da ke gyaran kifi da kaji a kasuwar Sabon Gari. Abincinsu na kan bakin wuƙa ne.

Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a Kano. Tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a gindin Dutsen Dala. Fagge kuwa zangon fatake ne tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta biyo baya. Maƙeri ya ƙera wuƙa, amma mai ita ne ke riƙe da kaifinta.

To, yaya ake washi? Duwatsu biyu ake nema, mai kaushi da mai laushi. A jiƙa dutse da ruwa, don ruwan ne ke kwashe garin ƙarfe, ya hana shi toshe fuskar dutsen. A kwantar da wuƙa, a ɗan ɗaga bayanta kamar digiri 15 zuwa 20, a riƙa turawa daga gindi zuwa tsini ba tare da hannu ya sauya ba. In an ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, washi ya kai baki ke nan, sai a juya. Daga nan a koma dutse mai laushi, a ƙarasa da goga ta a fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa.

Mun ga yau da yawa sun koma injin washi saboda sauri. Amma inji yana cin ƙarfe, yana kuma zafafa shi. Idan bakin wuƙa ya yi shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, taurin da maƙeri ya ba ta ya tafi. Irin wannan wuƙa ba ta daɗewa take dakushewa.

Iyaye mata, ku lura da wannan: dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari. Sai an danna ta da ƙarfi, daga nan ta zame ta sami yatsa. Wajen yanka kuma tana wahalar da dabba a banza. Kafin kajin Kirsimeti da awakin biki su iso, mu fara gyara wuƙaƙenmu, mu ajiye su inda hannun yara ba ya kaiwa.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Dutsen washi ɗaya yakan yi shekaru a gida, ba ya neman lantarki ko fetur. Mu koya wa 'ya'yanmu riƙe shi.