Bayan An Dawo Daga Daji: Tambaya Ta Fi Zato

Duk wanda ya zauna da mutanen da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu a Zamfara ko Katsina ya san abin da ƙarar babur take yi musu. Ana cikin hira a tsakar gida, ɗan acaba ya wuce ta bayan katanga, sai ka ga dattijuwa ta yi tsit, ta jawo jikanta kusa, idonta na kan ƙofa. Ta san a cikin gari take, amma jikinta bai yarda ba.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da matsalar cikin kundinta, bayan abin da aka gani a tattare da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, wanda aikinsa faɗakar da jiki idan haɗari ya taso. Bayan mummunan tashin hankali sai ya riƙa faɗakarwa ko da babu komai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wani nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa a yankunan rikici, kimanin mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, firgicin yana shiga har cikin yadda mutum yake fassara mutane. Ɗauki matar da aka fanso bayan watanni a daji. Ta shiga gidan suna, mata suka yi shiru, sai ta yanke cewa da ita ake. Mai yiwuwa kuwa tausayi ne ya ɗaure musu baki. A gida maigidanta ya rage magana, yana cin tuwonsa a zaure. Ita ta ɗauka ƙyamarta yake yi saboda abin da yake tunanin an yi mata. Shi kuwa gonar da ya sayar ya biya kuɗin fansa ce ke cin ransa, ga kunyar daɗewar da ya yi kafin ya haɗa kuɗin, har yana ganin kallon da take masa na zargi ne. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa ya gama shari'ar ɗan'uwansa ba tare da ya tambaye shi ko kalma ɗaya ba. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar wanda ya sha wuya takan ɓatar da mai karatunta, shi ma idonsa yakan ɓatar da shi.

A nan aikin Marshall Rosenberg yake da amfani. Masanin halayyar ɗan Adam ne Ba'amurke, ya tashi a Detroit, ya ga tarzomar launin fata ta 1943 yana yaro, ya rasu a 2015. Tun shekarun 1960 ya fara tsara wata hanyar zance ta tausayi: ka faɗi abin da idonka ya gani ba hukuncin da ka yanke ba, ka faɗi yadda ka ji, ka gano buƙatar da ke ƙarƙashin jin, sannan ka roƙi abu takamaimai wanda ɗayan yake da ikon ƙi. Shi da kansa ya sha ba da labarin wani zaman sulhu a arewacin Najeriya tsakanin shugabannin Musulmi da na Kirista, inda aka buɗe taro da kiran juna masu kisan kai, shi kuma ya yi ta maida kowane zargi tambaya a kan buƙatar zaman lafiya da tsaro.

Matakin farko shi ne mai wuya, kuma shi ne maganin zato. "Ka tsane ni" hukunci ne. "Malam, tun da na dawo a zaure kake cin abinci, abin yana damuna, ko za ka gaya mini dalili?" magana ce da take barin ƙofa a buɗe. Musulmi ba baƙo ba ne a nan, domin Suratul Hujurat ta yi gargaɗi a kan yawan zato, ta kuma umarci a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi.

Sai dai ni a ganina nauyin bai kamata ya fara sauka a kan wanda aka cuta ba. Mu na gefe ne ya kamata mu fara gyara harshenmu. Mun iya "yi haƙuri, ƙaddara ce", kuma gaskiya ce, amma sau da yawa da ita muke rufe zancen da ba ma son ji. Wasu kuma su tsare mutum da tambayar me aka yi maka, alhali jagorar agajin farko na damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta hana matsa wa mutum ya ba da labarinsa. Tambayar da ta dace ita ce, me kike buƙata yanzu: a zauna da ke, ko a ba ki wuri?

Kunya ma gaskiya ce a gidajenmu. Matar da ba ta kiran sunan mijinta ba lallai ta iya zayyana masa zuciyarta ido da ido ba, amma goggo ko aminiya za ta iya kai tambayar ta dawo da amsa. Kuma wani zaton daidai ne: akwai matan da aka ƙyamata da gaske, akwai 'ya'yan da aka laƙaba wa sunan daji. Daɗin baki ba ya gyara wannan, kuma ba ya maye gurbin likita. Wanda barci ya gagare shi wata da watanni, ko yake ganin abin yana dawo masa kamar yanzu ake yi, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Gwamnatin tarayya tana da irinsa a Maiduguri da Kaduna da Kware. Malamai da limamai da ke zuwa jaje kuma, don Allah ku saurara kafin ku fara nasiha.