Kopenhagen: Abin da baƙo daga ƙasar Hausa zai tarar a kasuwa, gidan abinci da wuraren shaƙatawa

Kopenhagen, babban birnin ƙasar Denmak, na daga cikin biranen da suka fi tsadar rayuwa a nahiyar Turai. Baƙon da ya sauka cikinsa ba tare da sanin yadda ake saye da sayarwa ba, ko abin da ake zubawa a tukunya, na iya ƙarar da guzurinsa cikin 'yan kwanaki, ko ya ci abin da addininsa ya haramta masa, ko kuma ya taka doka bai sani ba.

Ga mutanen yammacin Jihar Kano, tafiya ƙetare ba sabon abu ba ne. Hasali ma sunan garin Kabo ya daɗe a jikin jiragen sama, tun bayan da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa kamfanin Kabo Air a shekarar 1980, wanda ya shafe shekaru yana jigilar maniyyata zuwa Saudiyya.

To sai dai alhajin da ya sauka Makka ko Madina yakan tarar da ciniki irin wanda ya baro gida, da abincin da babu shakka a kansa, har ma da 'yan'uwansa Hausawa da za su yi masa jagora. Ɗalibi ko ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya taso daga Kabo ko Gwarzo ya nufi Kopenhagen kuwa, zai shiga garin da kusan komai a rubuce yake: farashi, abin da ke cikin abinci, da abin da aka hana. Wanda bai tsaya ya karanta ba shi ke biyan kuɗin kuskure.

Kafin a shiga gari

Sunan birnin a harshen mutanen ƙasar shi ne København, kuma asalin ma'anarsa ita ce tashar jiragen ruwan fatake. Yawan al'ummar ƙasar baki ɗaya kimanin miliyan 6 ne, wato ba su kai mutanen Jihar Kano ba. Masu sauraro da dama sun fara jin sunan birnin sosai ne a watan Disamban 2009, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar da babban taronta kan sauyin yanayi a can.

Denmak ta shiga ƙungiyar tarayyar Turai tun 1973, kuma bizar Shengen ce ake shiga ƙasar da ita, wadda ke ba da damar zama na kwanaki 90 a cikin kowaɗanne kwanaki 180. Amma ƙasar ba ta amfani da kuɗin Yuro, domin jama'arta sun ƙi amincewa da shi a ƙuri'ar raba gardama ta shekarar 2000. Kuɗinsu shi ne Kurona, kuma Yuro ɗaya na daidai da kusan Kurona bakwai da rabi.

A nan akwai abin lura ga masu canjin kuɗi kafin tafiya: takardar Kurona 1,000 ta daina aiki a shaguna tun ƙarshen watan Mayun 2025. Duk wanda aka miƙa wa ita a wurin canji, ko a Wapa ko a wani wuri, bai kamata ya karɓa ba.

Daga filin jirgin sama na Kastrup zuwa tsakiyar gari tafiyar kimanin minti 15 ce a jirgin ƙasa na Metro, wanda ba shi da direba, kuma yana aiki dare da rana. Babu ƙofar da ke tare fasinja, babu kwandasta mai bin kuɗi. Sai dai masu bincike kan shigo ba zato, kuma tarar wanda aka kama babu tikiti ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Cewa mutum baƙo ne ba ta zama hanzari.

Kasuwar da babu tayi

A kasuwar Getso ko Kantin Kwari, baki ne ke yin ciniki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a sassauta, dillali ya sa baki, a sallama, a ƙarshe ma a nemi gyara. A Kopenhagen babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da aka liƙa a jikin kaya shi ne farashi, kuma neman ragi a kanti kan jefa mai jiran shago cikin mamaki ne kawai, domin shi ma ba shi da ikon ragewa.

Babban titin sayayya shi ne Strøget, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, wanda ya tashi daga dandalin majalisar birni ya ɓulle dandalin Kongens Nytorv. Tun a 1962 aka hana motoci bin sa, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin titunan farko a Turai da aka ware wa masu tafiya a ƙasa. A wannan yanki ne manyan kantuna irin su Illum da Magasin du Nord suke, tare da shagon tangaran na Royal Copenhagen wanda aka kafa kamfaninsa a 1775, da na kayan azurfa na Georg Jensen, da kuma na kayan wasan yara na Lego.

Ɗaya daga cikin dalilan tsadar kaya shi ne harajin kashi 25 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kusan duk abin sayarwa, har da kayan abinci. An riga an haɗa shi cikin farashin da aka rubuta. Sai dai baƙon da ba mazaunin tarayyar Turai ba na iya neman a mayar masa da wani kaso na harajin idan ya sayi kayan fiye da Kurona 300 a shago guda, muddin ya karɓi takardar da ta dace a shagon, ya kuma nuna ta tare da kayan a filin jirgi lokacin fita.

Akasarin jama'a da katin banki ko wayar salula suke biya, ko da kuwa kofin shayi ne. Don haka ya dace matafiyi ya tabbatar daga bankinsa cewa katinsa zai yi aiki a ƙetare tun kafin ya bar gida.

Wurin da Bahaushe zai ɗan motsa bakinsa shi ne kasuwannin gwanjo da ake kira loppemarked, masu ci a ƙarshen mako musamman lokacin bazara. Nan kam ana taya kaya kamar a Ƙofar Wambai, ko da yake ragin ba ya yin nisa.

Mai neman sauƙin kayan masarufi kuwa sai ya nufi kantunan Netto, Rema 1000 ko Lidl. Kada kuma ya yar da kwalba ko gwangwanin lemo, domin akwai kuɗin ajiya na Kurona ɗaya zuwa uku a kan kowanne, waɗanda na'ura ke mayarwa idan an dawo da su. Ruwan famfo daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma shi kowa ke sha.

Abin da ke cikin kwano

A fannin abinci ne baƙo Musulmi ya fi bukatar buɗe ido. Denmak na cikin manyan masu fitar da naman alade a duniya, kuma aladun ƙasar sun kusa ninka mutanenta sau biyu. A 2014 ma soyayyen naman alade da dankali da ake kira stegt flæsk ne jama'a suka zaɓa a matsayin abincin ƙasa.

Akwai kalmomin da ya kamata a haddace: svin, gris, flæsk da skinke duka na nufin alade ko wani sashe na namansa. Haka nan curin nama na frikadeller, da markaɗaɗɗiyar hanta ta leverpostej, da jajayen pølser da ake sayarwa a kekunan bakin titi, galibi da alade ake yin su. Kylling shi ne kaza, okse naman sa, lam rago, fisk kuma kifi.

Abincin ranar da birnin ya yi suna da shi shi ne smørrebrød: yankan baƙin burodi mai ɗan tsami da ake ɗora wa kifi, ƙwai, dankali ko nama. Wanda ya zaɓi na kifi ya tsira daga shakkar nama, amma yana da kyau ya tambaya ko man shanu aka shafa a burodin, domin a wasu gidajen abinci na gargajiya kitsen alade ake shafawa. Kusan kowa a birnin na jin Ingilishi, kuma matambayi ba ya ɓata.

Dangane da yanka kuwa, a watan Fabrairun 2014 gwamnati ta haramta yanka dabba ba tare da an fara gusar mata da hankali ba, matakin da Musulmi da Yahudawan ƙasar suka yi suka a kai. Ana ci gaba da sayar da nama mai tambarin halal, wani an yanka shi a ƙasar bisa wannan sharaɗi, wani kuma an shigo da shi daga waje. Malamai sun saɓa kan hukuncin nau'in farko, don haka mai son kauce wa saɓani sai ya tambayi mahauci inda naman ya fito.

Unguwar Nørrebro ce matattarar irin waɗannan mahauta. A kan titin Nørrebrogade akwai shagunan Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa, masu sayar da shawarma, shinkafa da kayan yaji a farashin da ya fi na tsakiyar gari sauƙi. Kasuwar abinci ta Torvehallerne da aka buɗe a 2011 kusa da tashar Nørreport ta fi ƙayatarwa, amma ta fi tsada. Ba a tsammanin tukuici daga mai cin abinci, domin ladan ma'aikaci na cikin farashi.

Birnin ya yi fice a duniyar girki ne saboda gidan abinci na Noma, wanda aka buɗe a 2003, aka kuma zaɓe shi a matsayin na ɗaya a duniya har sau biyar tsakanin 2010 da 2021. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne komawa ga ganyayen daji da tsirran yankin, da kuma tsima abinci har ya sauya ɗanɗano. Matar da ta saba tsinkar zogale, rama da tafasa, ta kuma iya haɗa daddawa, ba za ta ga baƙon ilimi a nan ba, sai dai baƙon farashi.

Wuraren shaƙatawa

Gaban babbar tashar jirgin ƙasa ne lambun Tivoli yake, wanda aka buɗe a watan Agustan 1843. Akwai lilo iri-iri, ciki har da wani jirgin katako mai hawa da gangara da ke aiki tun 1914, ga furanni da kaɗe-kaɗe. Ba duk shekara yake buɗe ba: yakan yi aiki ne daga bazara zuwa watan Satumba, sannan a sake buɗe shi na wasu makonni a Oktoba da lokacin Kirsimeti. Kuɗin shiga daban, na hawa lilo daban.

Akwai abubuwan kallo da ba sa cin ko kwabo. Da ƙarfe 12 na rana ake sauya dogarai a fadar Amalienborg, mazaunin Sarki Frederik na Goma, wanda ya hau gadon sarauta a watan Janairun 2024 bayan mahaifiyarsa Sarauniya Margrethe ta Biyu ta yi murabus. Gidan tarihi na Davids Samling kuwa na ɗauke da ɗaya daga cikin manyan taskokin fasahar Musulunci a arewacin Turai, da suka haɗa da tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani, darduma da tangaran.

Gaɓar ruwan Nyhavn mai gidaje masu launi-launi ita ce ta fi fitowa a hotuna, amma akasarin wuraren zaman da ke wurin mashaya ce. A unguwar Christiania da wasu matasa suka mamaye a 1971, an daɗe ana sayar da tabar wiwi a fili, har zuwa watan Afrilun 2024 da mazauna wurin suka tone titin da ake cinikin. Saye ko riƙe tabar laifi ne a dokar ƙasar.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa na iya kallon karawar FC København da Brøndby, ƙungiyar da ɗan wasan bayan Najeriya Uche Okechukwu ya yi wa wasa a farkon shekarun 1990.

Haɗarin da ya fi kusa da baƙo mai tafiya a ƙasa shi ne keke. Tsakanin titin mota da gefen masu tafiya akwai hanyar kekuna ta musamman, kuma mahaya ba sa tsammanin ganin mutum tsaye a kanta.

Rana, salla da doka

A Kano tsawon yini ba ya yin nisa da sa'o'i 12 duk shekara. A Kopenhagen kuwa, a watan Yuni rana kan fito tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa sarai. A Disamba hasken rana bai wuce sa'o'i bakwai ba, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba kan zo kusa da juna. Masallatai na fitar da jadawalin lokutan salla, ciki har da babban masallaci mai hasumiya da ke titin Rovsingsgade, wanda aka buɗe a watan Yunin 2014 da tallafin ƙasar Katar. Ba a jin kiran salla ta lasifika a waje.

Mata na da 'yancin sa hijabi, amma tun watan Agustan 2018 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, abin da ya shafi niƙabi. Tarar karon farko Kurona 1,000 ce.

Ga Kanawa da yawa, sunan Denmak na tuna musu da zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da jaridar Jyllands-Posten ta buga a watan Satumban 2005. A watan Fabrairun 2006 'yan majalisar dokokin Jihar Kano sun ƙona tutar ƙasar, an kuma ƙaurace wa kayayyakinta a ƙasashen Musulmi da dama. Bayan jerin ƙone-ƙonen Alƙur'ani da wasu tsiraru suka yi a gaban ofisoshin jakadanci a birnin, majalisar dokokin Denmak ta zartar da doka a watan Disamban 2023 da ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, tare da tanadin tara ko ɗaurin da zai iya kai shekaru biyu.

A ɗaya ɓangaren kuma, hulɗar ciniki ta ci gaba. Madarar Dano da ake samu a shagunan Kabo da Gwarzo ta kamfanin Arla ce mai hedikwata a Denmak, wanda a 2023 ya buɗe gonar kiwon shanun madara a Damau da ke ƙaramar hukumar Kubau a Jihar Kaduna.

Ofishin jakadancin Najeriya da ke birnin Stokholm na ƙasar Suwidin ne ke kula da harkokin 'yan Najeriya a Denmak, don haka wanda ya yar da fasfo can zai tuntuɓa. Lambar neman agajin gaggawa ta 'yan sanda, motar asibiti ko 'yan kwana-kwana ita ce 112.