Daga Tashar Jiragen Ruwa Ta Jidda Zuwa Ɗakunan 'Ya'yanmu: Ƙwayoyi Da Ɓarnarsu A Jiki

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Afrilun 2021 jami'an kwastan na Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda suka tare wani kayan rumman da ya fito daga Lebanon, da aka fasa 'ya'yan itacen sai ga ƙwayoyin Captagon fiye da miliyan 5 an cusa a cikinsu. Abin ya fusata hukumomin Saudiyya har suka hana shigo da kayan marmari da ganyaye daga Lebanon. Bayan wata biyu, a wannan tasha dai, aka sake kama ƙwayoyi miliyan 14.4 a ɓoye cikin faifayen ƙarfe. A watan Satumba na shekarar kuma hukumar NDLEA ta kama irin wannan ƙwaya sama da dubu 450 a tashar Apapa da ke Legas.

Mu da kakanninmu suka zo wannan ƙasa tun zamanin tafiyar ƙafa ta Sudan, muna kuma da 'yan'uwa a Kano da Katsina da Maraɗi, wutar nan tana ci mana ta gaba da baya. Ƙwayar da ta tsallake idon jami'an kwastan aljihun wani yaro za ta faɗa, yaron kuwa yana iya zama namu. Don haka ya kamata iyaye su san waɗannan kayayyaki da abin da kowannensu ke yi wa jiki, domin rigakafi ya fi magani.

Kashi na farko su ne masu zaburar da jiki, shugabansu kuma a nan shi ne Captagon, wanda ake kira Abu Hilalaini saboda zanen jinjirin wata biyu da ke jikinsa. Asalinsa magani ne da aka haɗa a Jamus a 1961, aka haramta shi a yawancin ƙasashe cikin shekarun 1980. Wanda ke yawo a yau jabu ne, haɗin amfetamin da kafin da duk abin da mai dakawa ya ga dama ya zuba. Bayan faɗuwar gwamnatin Bashar al-Assad a Disambar 2024 an gano manyan wuraren haɗa shi a Siriya.

Aikinsa shi ne ya tilasta wa ƙwaƙwalwa ta zubo sinadaran kuzari da jin daɗi gaba ɗaya. Shi ya sa direban babbar mota ko ɗalibi mai jarrabawa ke ganin ya sami mataimaki: barci ya gudu, yunwa ta ɗauke, baki ya buɗe da surutu. To amma wannan ƙarfi bashi ne aka ci daga jiki. Zuciya na bugu da sauri, jini na hauhawa, mutum na cizon haƙora yana ramewa. Idan ƙwayar ta saki sai kasala da baƙin ciki su rufe shi, ya koma neman wata. Wanda ya daɗe a kai yakan fara zargin kowa, ya ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya ɗauka matarsa ko mahaifiyarsa na shirya masa makirci. Shabu, wanda yake kama da farfasasshen gilashi, shi ma ɗan wannan gida ne, sai dai ya fi tsanani da daɗewa a jiki. Yana ruɓar da haƙora, yana kawo shanyewar ɓarin jiki da taɓin hankali.

Kashi na biyu su ne masu kashe jiki, waɗanda suka fi addabar Arewacin Nijeriya da Nijar. Tiramadol maganin ciwo ne na asibiti, likita kan bayar da mai miligiram 50 ko 100, ba a kuma wuce 400 a yini. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa ƙwaya ɗaya na ɗauke da 225 ko 250, wani ya haɗiye uku a zama ɗaya. Sakamakon shi ne farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba, da numfashi mai ja da baya har ya tsaya. Kodin na cikin maganin tari, hanta ce ke juya shi ya zama mofin. Yana busar da ciki, yana sa gyangyaɗi da jan magana. Gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta watsa. Mafi haɗari shi ne a haɗa waɗannan da ƙwayoyin barci irin su Valium ko roci, domin duka wurin da ke sarrafa numfashi suke dannewa. Da yawa barcin da ba a farkawa ke nan.

Kashi na uku su ne masu juya hankali. Tabar wiwi da hashish na raunana riƙon karatu da tunani, ga matashin da ya fara da wuri kuma suna ƙara masa haɗarin taɓuwa. Sholisho da fetur da yara ke shaƙa suna cinye jijiyoyin ƙwaƙwalwa, suna kuma iya tsayar da zuciya ko a shaƙar farko. Binciken da Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ne.

Akwai kuma gefen doka, wanda ba ya ragawa. Hukuncin safarar ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma an dawo da zartar da shi tun Nuwambar 2022. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a Disambar 2018 ba, saboda jakar tiramadol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgin saman Kano. Sai ƙarshen Afrilun 2019 ta shaƙi iskar 'yanci. Kada mu karɓi saƙon jaka ko magani daga hannun kowa ba mu buɗe mun gani ba, ko da ɗan'uwa ne.

To, idan ta riga ta shigo gida fa? Yaron da ya kwana biyu bai runtsa ba sannan ya yini yana barci, wanda ya rame ba ciwo, wanda kuɗi suka fara ɓacewa a inda yake, a zaunar da shi a tambaye shi. Ɗaure shi da mari ko korar sa daga gida ba ya cire ƙwaya daga jini, yanke ƙwayoyin barci rana ɗaya ba likita kuwa na iya jawo farfaɗiya. Dokar Saudiyya ta tanadi cewa ba a gurfanar da mashayin da ya kai kansa, ko danginsa suka kai shi, neman magani, in ya miƙa abin da ke hannunsa. Kunyar maƙwabta ce ta fi hana mu kai 'ya'yanmu asibiti, alhali ranar jana'iza maƙwabtan nan ne za su fara sani. Allah ya shirya mana zuri'a.