Kazuyoshi Miura da Salon Wasansa

An haifi Kazuyoshi Miura a Shizuoka ta ƙasar Japan a 1967. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Brazil, domin a lokacin ƙasarsa ba ta da gasar ƙwararru. Kulob ɗin Santos ya ɗauke shi a 1986. A Brazil ya ƙware a salon da aka san shi da shi: yakan taho ta gefen hagu, ya riƙa kewaya ƙwallo da ƙafa ba tare da ya taɓa ta ba, har ɗan baya ya ruɗe, sannan ya wuce.

Bayan ya koma gida a 1990 sai ya zama ɗan gaba. Ya ci wa Japan ƙwallaye 55 a wasanni 89, amma duk da haka koci Takeshi Okada ya cire sunansa daf da Gasar Cin Kofin Duniya ta 1998, wadda ita ce ta farko ga ƙasar. Da wani ne, da zuciyarsa ta karye. Shi kuwa ya ci gaba, da gudu ya ragu ya koma dogaro da iya tsayuwa inda ƙwallo za ta faɗo. A Maris 2017 ya ci wa Yokohama FC ƙwallo yana da shekara 50.