Ɗaga fuska da zare mai narkewa

Ɗaga fuska da zare hanya ce ta gyaran fuska da ake yi ba tare da babbar tiyata ba. Likita kan kashe zafin wurin da allura, ya zura siraran zarurruka a ƙarƙashin fata, sannan ya ja su sama domin ɗago kumatu ko gefen muƙamuƙi da suka saki saboda shekaru. Yawancin zaren na da ƙananan ƙayoyi da ke kama nama.

Tarihi

Likitan fiɗa ɗan ƙasar Jojiya, Marlen Sulamanidze, shi ne ya fito da zare mai ƙaya da ake kira Aptos a ƙarshen shekarun 1990. Zaren farko ba ya narkewa, kuma cire shi idan matsala ta taso na da wuya. A Amurka an janye irinsa mai suna Contour Threads daga kasuwa a 2007. Daga nan aka karkata ga zare mai narkewa, wanda asibitocin kwalliya na Koriya ta Kudu suka yayata sosai.

Ire-iren zare

Guda uku ne suka fi shahara. PDO, wanda tun shekarun 1980 ake ɗinkin tiyata da shi, yakan narke cikin kimanin wata 6 zuwa 8. PLLA yakan wuce shekara guda, PCL kuwa ya kai wajen shekara 2. Ruwan da ke cikin jiki ne yake tsinka su sannu a hankali. PLLA, alal misali, yakan koma sinadarin laktik, irin wanda tsoka kan samar lokacin aikin ƙarfi, jiki ya sarrafa shi.

Abin da zaren ke yi wa nama

Jiki na ɗaukar zaren a matsayin baƙon abu. A kwanakin farko wurin kan kumbura, ƙwayoyin garkuwar jiki su yi masa zobe. Cikin makonni sai ƙwayoyin da ke warkar da rauni su fara saƙa kolajin, wato furotin da ke ba fata ƙarfi, har ya zama kube a kewayen zaren, ƙananan jijiyoyin jini su tsiro. Wasu daga cikin ƙwayoyin na tsukewa, su ɗan matse fatar.

Masu talla na kiran wannan sabunta fata, amma a zahiri siririn tabo ne da ke ɓoye a ciki. Shi ke saura bayan zaren ya narke, kuma ba shi da ƙarfin riƙe nauyin kumatu. Shi ya sa ɗagowar da ake gani ranar farko, wadda wani ɓangarenta kumburi ne, takan ragu cikin watanni, sau da yawa ta gushe cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Tiyatar ɗaga fuska ta fi ta daɗewa nesa ba kusa ba.

Matsaloli

Kumburi, taruwar jini da ciwon tauna su ne suka fi yawa, kuma sukan wuce da kansu. Idan an sa zaren kusa da saman fata, takan lotsa ko ta tattare, wani lokaci bakin zaren ya huda ta ya fito. Akan kuma samu shigar ƙwayoyin cuta ko ƙulli mai tauri. Wanda bai san tsarin fuska ba na iya raunata jijiyar motsin fuska ko bututun yawu da ke kumatu. Masu yin tabo mai tudu, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, ana ba su shawarar su sanar da likita tun kafin a fara.