Yadda Haske Ke Tona Siffar Dandazon Taurari

A ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba, duk wanda ya fita bayan garin Kuje da dare ya dubi arewa zai iya hango wani haske dishi-dishi mai siffar ƙwai. Andromeda ke nan, dandazon taurari irin wanda masana ke kira galaksi. Haskensa ya yi kusan shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso.

To amma da gaske ƙwai ne? Babu mai iya zagayawa ya leƙo bayansa, hoto ɗaya shimfiɗaɗɗe kawai muke samu. Riƙe faifai ka karkata shi, sai da'irarsa ta koma doguwa. Daga bambancin tsawo da faɗi aka lissafa cewa Andromeda faifai ne da ya karkace mana da kimanin digiri 77.

Wannan lissafi kaɗai bai wadatar ba, domin siffofi dabam-dabam kan ba da hoto iri ɗaya. Sai aka koma ga launi. Idan aka rarrabe hasken, gefen da ke nufo mu yakan ja zuwa shuɗi, mai nisantarmu kuma zuwa ja. Da haka masana taurari Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar Andromeda a 1970. Daga baya ta tabbata cewa taurarin gefe suna gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su, wato akwai wani nauyi mai yawa da ba ya ba da haske. A ganina nan ne aikin ya fi ban mamaki.

Nisa kuwa, masaniyar taurari Henrietta Leavitt ce ta buɗe ƙofar auna shi a 1912, Edwin Hubble ya bi hanyarta a 1923 ya auna nisan Andromeda. Kumbon Gaia da Turawa suka harba a 2013 ya auna taurari sama da biliyan ɗaya a namu dandazon, har da Kaza da 'Ya'yanta, masu nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 440.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana Lugbe, maƙwabciyar Kuje. Ya kamata ta riƙa kai madubin hangen taurari makarantun Kuje tun fitilun gari ba su cinye duhun samansu ba.